'YANKUZO DA GARURUWAN TARIHI NA KEWAYENTA: BAYANI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan 'yar takarda domin amfanin hakimai da malaman da ke rubuce-rubuce a ofisoshinsu, musamman waɗanda ƙasarsu ta ke bisa hanyar da ta tashi daga Funtuwa, ta bi ta Tsafe, ta nufi Gusau. Sau da yawa baƙo ya kan sauka, ko ma'aikacin Gwamnati, ko ɗalibi mai neman tarihi, ko falke, ya roƙi a nuna masa gari. Sai a haɗa shi da yaro ya kai shi kasuwa, ya zazzaga, ya sayi ƙuli-ƙuli, ya koma inda ya fito, bai san irin ƙasar da ya taka ba. Wannan kuwa hasara ce ga baƙon da masu masaukinsa duka, gama Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, sai ɗan gari ya ja masa gora.

'Yankuzo gari ne na manoma cikin ƙasar Tsafe, a Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba, 1996. Ƙasar Tsafe ta yi iyaka da Jihar Katsina ta gabas, kuma yawan jama'ar 'Yankuzo da ƙauyukanta ya kai har an raba su mazaɓa 2 cikin Ƙaramar Hukumar Tsafe. Wanda ya duba taswirar yau zai ce Zamfara ya zo. Amma kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wannan yanki duka a ƙarƙashin Sarkin Katsina ya ke, ana ce da shi Katsinar Laka, saboda ƙasarsa mai laka wadda ke riƙe ruwa, ta kuma karɓi dawa da auduga. Wannan shi ne abu na fari da ya kamata baƙo ya ji, domin in bai ji shi ba, zai yi ta mamakin abin da ya sa a ke ce wa Sarkin Gusau Sarkin Katsina.

KASUWA

Ya fi kyau a shirya zuwan baƙo ya dace da ranar kasuwa. Garuruwan wannan yanki kasuwar mako su ke ci, kowane gari da ranarsa, kuma magabata sun tsara ranakun yadda maƙwabta ba za su yi karo ba. Ta haka ɗan koli ɗaya ya kan ci kasuwa uku ko huɗu cikin mako, ya kwana nan ya tashi can, labari kuma ya bi shi daga gari zuwa gari. Malamin hakimi shi ya san ranar kowace kasuwa ta ƙasarsa, sai ya rubuta wa baƙo tun kafin ya taso.

Kasuwar ƙauye ba ta cika sai rana ta ɗaga. Mai zuwa da sassafe rumfuna kawai zai tarar da 'yan ƙosai. Daga hantsi zuwa azahar ne amalanke da jakuna da babura da motoci ke shigowa da kaya, da la'asar kuma ciniki ya kan kai maƙura. Kyakkyawan tsari shi ne a fara kai baƙo wurin sarkin kasuwa su gaisa, sa'an nan a bi da shi sassa ɗaya bayan ɗaya.

Sashen hatsi shi ne zuciyar kasuwa irin ta 'Yankuzo. Nan a ke zube dawa da gero da masara da wake da gyaɗa da waken suya, ma'auna na aunawa da tiya ko mudu, 'yan kwarami kuwa na tara buhuna domin su kai Gusau ko Funtuwa ko inda ya fi nan nisa. Mai hankali ya kan karanta halin ƙasa daga wannan sashe. Da kaka hatsi ya kan yi araha, don kowane manomi yana neman kuɗin biyan bashi da na hidimar aure. Da bazara, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, tsada ta kan taso, har wanda ya sayar da kaka ya dawo ya sayi nasa hatsin da ninkin kuɗi. Idan aka ga tsadar ta riga lokacinta, ko aka ga mutane na kawo shanun huɗa suna sayarwa gab da faɗuwar damina, to, akwai matsi a ƙauyuka, kuma wajibi ne hakimi ya bincika ya sanar da na gaba. Saboda haka malamin da ke rubuta farashin tiya kowace ranar kasuwa, ya ajiye cikin littafi guda shekara da shekaru, ya yi wa ƙasarsa aiki mai yawa, ko da ba wanda ya yaba masa.

Daga nan sai kara, watau wurin dabbobi. Baƙon da bai saba ba ya kan rasa gane mai saniya da mai saye, domin dillali ne ke tsaye tsakani. Mai saye ya taya, dillali ya ce albarka, a ƙara, har mai dabba ya ce ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Amfanin dillali ya wuce sasanta kuɗi: shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, in magana ta taso daga baya kuwa shi a ke nema. A zamanin da satar shanu ta yi yawa, wannan tsohon tsari ya ƙara daraja, kuma kasuwar da dillalanta ba su san wanda ya kawo dabba ba ta kusa zama mafakar ɓarayi. Sauran sassa, wato mahauta ƙarƙashin sarkin fawa, da maƙera, da dukawa, da masu tukwane, da matan Fulani masu nono da man shanu, baƙo zai gan su da idonsa, ba su bukatar dogon bayani.

TSAFE DA 'YANDOTO

Daga 'Yankuzo sai Tsafe, hedkwatar ƙasar, wadda Turawa ke rubutawa Chafe cikin takardunsu. Tana bisa babbar hanya, wajen mil 30 daga Gusau, duwatsu na kewaye da ita. Ladabi ya nuna a fara kai baƙo gaisuwa fada. Sarautar garin 'Yandoton Tsafe a ke ce mata, sunan kuwa yana nuni ga tsohon birnin da ke kusa, wanda shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a yi wa baƙo bayaninsa.

'Yandoto tana cikin tsofaffin garuruwan malamai na ƙasar Hausa. Tun kafin a san Gusau ko Funtuwa, almajirai na zuwa can neman ilmi, fatake kuma na yada zango, gama garin na bisa hanyoyin da suka haɗa Katsina da ƙasashen kudu da na yamma, inda a ke samo goro. Masana tarihi na danganta farkon ilmin garin da Wangarawa, fataken nan Musulmi da suka fito daga wajen Mali. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi bayanin matsayin wannan yanki cikin littafinsa na tarihin Katsina wanda aka buga a 1981, ya kuwa kamata kowane malamin ofis mai jin Turanci ya nemi ya karanta shi.

Labarin da Katsinawa ke bayarwa na kafuwar gidan sarautarsu na Haɓe ma daga 'Yandoto ya faro. An ce Korau mutumin 'Yandoto ne, gwanin kokawa. Ya je Katsina zamanin Sarki Sanau, na ƙarshen sarakunan Durɓawa, suka yi kokawa, Korau ya kā da shi ya kashe shi, ya hau gadon sarauta. Shi ne Muhammadu Korau, wanda a ke lissafawa Sarkin Katsina Musulmi na fari, cikin ƙarni na 15. Takobin nan Gajere, da ke cikin kayan sarautar Katsina, da shi a ke danganta shi. Labari ne na baka, mai ba da shi ya kan ƙara ya kan rage, amma ya isa ya nuna girman 'Yandoto a idon mutanen da.

Ƙarshen wannan girma ya zo da jihadi. Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka fara yaƙi da Gobir. Malaman 'Yandoto suka rabu biyu, waɗansu suka bi Shehu, mafi yawa suka ƙi, har zaman garin ya gagari masu goyon bayansa. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya sauka kusa da garin, ya aika wa malamansa su fito a yi muƙabala, wanda hujjarsa ta rinjaya a bi shi. Suka ƙi fitowa. Bello ya faɗa wa garin ya ci shi, malamai suka watse. Shi kansa ya ba da labarin wannan cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. Daga baya, sa'ad da Shehu Laminu na Barno ya ke musayar wasiƙu da shugabannin jihadi, cikin laifuffukan da ya ɗora musu har da wulakanta littattafai. Bello ya amsa da cewa ya taɓa cin wani gari na ƙasar Katsina, ya ga iska na kwasar takardu, ya yi ta tsincewa da hannunsa har ya gaji, ya kuma tsawata wa mayaƙansa. Masana da dama na ganin 'Yandoto ya ke nufi.

Wannan magana ce mai nauyi, har yanzu kuma akwai zuriyar ɓangarorin biyu zaune cikin ƙasar, suna auratayya. Mai yi wa baƙo bayani sai ya faɗi abin da kowane ɓangare ya ce, ya bar baƙo da hankalinsa. Ba ya kyautuwa malamin hakimi ya mai da tarihi abin gori.

A wurin da tsohon birnin ya ke, kada baƙo ya sa ran ganin gini mai tsawo, domin ginin ƙasa ba ya jure damina ɗari biyu ba mai yaɓe. Abin da a kan nema a kufai irin wannan shi ne alamar ganuwa, da tsofaffin rijiyoyi da marina, da maƙabartu, da kukoki, gama kuka ta kan daɗe bayan mutanen da suka zauna gindinta sun shuɗe. Ba mai gane waɗannan sai da dattijon gari. Garma kuwa kowace shekara tana cin gefen kufai, masu gini na ɗibar ƙasar ganuwa. Hakimi na da ikon hana wannan da baki kawai, in ya kira masu gonakin ya yi musu bayani. Haka nan gidajen malamai da ke riƙe da tsofaffin littattafan hannu cikin gafaka, ya kamata a san su, a rubuta sunan kowane littafi da mai shi, a bar shi hannun mai shi. Kada a yarda baƙo, kome girmansa, ya tafi da takarda da sunan aro.

DUTSEN KWATARKWASHI

In aka bar Tsafe aka nufi Gusau, sai a hango Dutsen Kwatarkwashi tun daga nesa, ya tashi sama guda ɗaya, garin na kwance gindinsa. Ƙasar Ƙaramar Hukumar Bunguɗu ce, amma garin na da sarkinsa, kuma tsohon gari ne ƙwarai. Marigayi Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar ya shekara 61 bisa gado kafin rasuwarsa a 2022, samun irin wannan tsawon zamani kuwa sai an tona.

Dalilin zaman mutane gindin dutse a fili ya ke. In mahara suka taso, sai a kwashe mata da yara da hatsi a hau sama, inda doki ba ya iya bi. Banda tsaro kuma, mutanen da sun ɗauki dutsen mazaunin iskoki, har sunan Kwatarkwashi ya shahara cikin Maguzawa saboda tsafin Magiro. Musulunci ya kawar da wannan, sai labari. Tsofaffi kuma na ba da labarin wani biki da samari kan hau dutsen su kamo maiki, a yi ta kiɗa. Masana tsuntsaye na zamanin Turawa sun rubuta cewa maiki na yin sheƙa a ƙuryoyin wannan dutse, abin da ba a cika samu ba a sauran Nijeriya. Wannan tsuntsu ya yi ƙaranci ƙwarai a Afirka ta Yamma duka, saboda guba da masu kama shi domin magani, don haka in baƙo ya yi sa'ar ganinsa, sai malami ya rubuta ranar.

A wajejen nan ne kuma aka yi ɗaya daga cikin yaƙoƙin zuwan Turawa. A farkon 1903 Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da dawaki masu yawa. Yana can Turawa suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu. A hanyar komowa labari ya iske su, Sarki Alu ya rabu da rundunar da dare, jama'a ta kasu. Wambai Abbas ya ja waɗansu suka koma Kano, shi ne Turawa suka naɗa Sarki. Waziri Ahmadu kuwa ya ƙi miƙa wuya. A ƙarshen watan Fabrairu suka yi karo da sojan doki na Turawa kusa da Kwatarkwashi. Sojan kaɗan ne, amma suka yi sahu mai kusurwa huɗu, suna harbi da bindigogi masu cin nesa, Kanawa na sukuwa suna afka musu da takubba da māsu, sau bayan sau. Waziri Ahmadu ya faɗi a wannan yaƙi tare da mutane da yawa, shi ya sa Kanawa ke ce masa Mai Shahada. Hafsan da ya ja sojan, Laftana Wright, Ingila ta ba shi lambar yabo mafi girma ta soja. Bayan 'yan makonni, cikin watan Maris, Sakkwato ta faɗi. Baƙon da ya fito daga Kano ya kan so a nuna masa wannan wuri, ya yi addu'a.

Mai son hawan dutsen sai ya nemi izini a fada, a ba shi ɗan jagora. Da sassafe a ke hawa, kafin dutse ya ɗauki zafi, lokacin sanyi kuma ya fi daɗi, daga Nuwamba zuwa Janairu, sai dai in hazo ya yi yawa ba a hangen nesa. Da damina dutse ya kan yi santsi, bai kamata a bar baƙo ya gwada ba.

GUSAU DA BUNGUƊU

Daga Kwatarkwashi zuwa Gusau bai wuce mil 15 ba. Gusau ita ta gāji 'Yandoto. Malam Sambo ɗan Ashafa, ɗaya daga cikin almajiran Shehu na wannan yanki, shi ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, aka ba shi riƙon yammacin ƙasar Katsina ƙarƙashin Sakkwato, daga nan sarautar Sarkin Katsinan Gusau ta samo asali. Garin bai bunƙasa sosai ba sai da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga, gyaɗa da audugar ƙauyuka irin su 'Yankuzo suka sami hanyar fita zuwa bakin teku. Ciniki ya bar tsofaffin hanyoyin fatake ya koma gefen dogo da titi. Garin da hanya ta bi ta kansa ya cika, wanda ta kauce wa ya tsaya yadda ya ke. Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996, aka kuma kafa mata Jami'ar Tarayya a 2013. Nan ne baƙo zai sami masauki da asibiti da banki, saboda haka nan ya kamata ya riƙa kwana.

Bunguɗu na gaba kaɗan bisa hanyar Sakkwato, kusa da Gulbin Sakkwato, wanda ya faro daga wajen Funtuwa ya ratsa ta Gusau. Sarkin Fulanin Bunguɗu ke sarauta can. Mai sha'awar noman fadama da rani zai ga abin kallo a bakin gulbin.

LAFIYAR BAƘO

Ba daidai ba ne a gayyato mutum a ɓoye masa halin da ƙasa ke ciki. Tun wajen 2011 satar shanu ta tsananta a Zamfara, ta rikiɗe ta zama harin 'yan bindiga bisa ƙauyuka da sace mutane domin kuɗin fansa, ƙasar Tsafe kuwa na cikin waɗanda abin ya fi shafa, har da 'Yankuzo da hanyar Funtuwa zuwa Gusau. A watan Satumba na 2021 Gwamnatin Jiha ta rufe kasuwannin mako, aka kuma yanke layukan waya na tsawon makonni, domin a toshe wa maharan hanyar samun abinci da mai. A lokacin ne kowa ya ga abin da kasuwar mako ta ke ga talaka: manomi na da hatsi ba inda zai sayar, mai akuya ba ta da kuɗin magani.

Saboda haka hakimi shi ke da maganar ƙarshe bisa ko a je ko kada a je. In labarin da dagatai da masu unguwanni suka kawo bai kwanta masa ba, sai ya gaya wa baƙo gaskiya, a tsaya Tsafe ko Gusau, a kira dattawan garin su zo su ba da tarihi a zaure. Jin kunyar baƙo ba hujja ba ce ta jefa shi cikin hatsari, da shi da ɗan rakiyarsa. In kuwa hanya ta yi kyau, a sanar da jami'an tsaro, a tashi bayan rana ta fito, a komo kafin la'asar sakaliya, kada a yi ta shelar ranar tafiya cikin kasuwa. Baƙo ya sa tufafi irin na mutanen gari, kada ya ɗauki hoton kowa sai da yardarsa, balle matan aure.

Malamin hakimi kuma ya buɗe littafin baƙi. Ya rubuta sunan kowane baƙo, da inda ya fito, da abin da ya kawo shi, da wuraren da aka kai shi, da sunan dattijon da ya ba shi labari. In ɗalibi ne mai rubuta tarihi, a roƙe shi ya aiko da kofe ɗaya na abin da ya rubuta, a ajiye a ofishin hakimi tare da littafin farashin hatsi.